Silinda inci 4 ko inci 5: wacce za ta tafi da injin doki 6.5 a na'urar faskare?

Wani ɗan'uwanmu mai sana'ar itace, wanda yake kai wa gidajen burodi da masu abincin sayarwa, yana son mai walda ya haɗa masa na'urar faskare. Yana da ƙaramin injin fetur Honda GX200, mai doki 6.5. Ya ga silinda biyu, wato bututun ƙarfen da matsin mai ke tura sandar cikinsa, a wurin masu tsofaffin kayan motocin aiki: ɗaya faɗin cikinta inci 4, ɗayar inci 5, kowacce tana tafiyar inci 24. Mai kayan ya ce masa ya ɗauki babbar, ya haɗa ta da famfon mai da ke tura galan 16 a minti don ta yi gudu. Shi ne yake tambaya wacce zai saya.

Malam, ɗauki inci 4, ka haɗa ta da famfo mai hawa biyu na galan 11. In kuwa ranka ya kwanta da inci 5, to ka saka kuɗin sabon inji a lissafinka tun yanzu, don wanda ke hannunka ba zai ja wannan kayan ba.

Silinda, famfo da inji, kowanne cikin ukun nan da aikinsa. Faɗin silinda da matsin mai su ne ƙarfin da zai tsaga gungume. Yawan man da famfo ke turawa a minti shi ne saurin aiki. Inji kuwa shi ke biyan kuɗin duka biyun, kuma aljihunsa yana da iyaka. Inda mutane ke faɗawa shi ne su zaci babban inji zai ƙara ƙarfin tsagawa, ko babban famfo zai ƙara shi. Ko ɗaya ba ya ƙarawa.

Mu fara da ƙarfi. Fuskar fistin ɗin inci 4 murabba'in inci 12.6 ce, ta inci 5 kuma 19.6. Inci ɗaya tak aka ƙara, amma fuskar ta ƙaru da fiye da rabi. A matsin PSI 2,500 (PSI ma'aunin matsi ne, fam nawa ke danna kowane murabba'in inci), ƙaramar za ta tura da nauyin kimanin tan 14, babbar tan 22. In ka kai matsin PSI 3,000, wanda shi ne iyakar yawancin waɗannan famfuna, ka sami tan 17 da kusan tan 27. Wannan da tan mai kilo 1,000 na yi lissafin. Na'urorin da ake kawowa daga Amurka da tan nasu mai fam 2,000 suke rubutu, kuma masu sayarwa sukan ɗan cika baki a kan kwali, saboda haka kada lambar jikin kwali ta ruɗe ka.

A nan babbar ta ci ƙaramar, babu musu. To amma me kake faskarawa? Darbejiya, turare, mangwaro, rassan da aka sare a gona, duk tan 14 ya ishe su har da saura. Inda za ka ji ƙaramar tana nishi shi ne kututturen tsamiya ko kirya da ya bushe, ko wurin da reshe biyu suka rabu jijiyar itacen ta murɗe. Shi ma ɗin yakan tsagu in ka juya shi, ka ci shi daga gefe maimakon ka doke shi a tsakiya, kamar dai yadda mai gatari yake yi.

Sai sauri, kuma a nan ne nake so ka tsaya da kyau. Kafin silindar inci 4 ta miƙe inci 24, sai ta sha mai galan 1.3, wato kusan lita 5. Dawowa tana shan ƙasa da haka, kimanin galan 1.05, don sandar ta cinye wani wuri a ciki. Ta inci 5 tana shan galan 2 zuwa, 1.7 dawowa. Galan ɗin Amurka nake nufi, mai lita 3.8. Da famfon galan 11, ƙaramar za ta je ta dawo cikin daƙiƙa 13, babbar kuma sai ta kai daƙiƙa 20 da ɗoriya. Da famfon galan 16, ƙaramar daƙiƙa 9, babbar 14.

Daƙiƙa 7 ko 8 da ke tsakaninsu a famfon galan 11 kamar ba komai ba ne a baki. Ka tsaya da gungume a hannu, rana ta take, yaronka yana jiran ya loda kura, kai kuma kana kallon sandar tana jan jiki tana dawowa, sannan za ka san tsawonsu. In ka yi bugu 300 a yini, ka zubar da kusan minti 40 kana kallon ƙarfe, injin kuma yana shan fetur duk tsawon lokacin.

Shi ya sa mai kayan ya ce a sa galan 16, kuma ta wannan fuskar bai yi ƙarya ba: inci 5 da galan 16 abokan juna ne. Injinka ne bai sa a lissafi ba.

Dokin da famfo ke buƙata ana samun sa ne haka: galan a minti sau matsin PSI, a raba da 1,714, sannan a ƙara kamar kashi 15 cikin 100 saboda abin da ke ɓacewa ya zama zafi. Da famfon galan 11 mai hawa ɗaya ne, aka ce ya tura a PSI 3,000, doki 19 yake nema tun kafin a ƙara asara. Dabarar mai hawa biyu ita ce akwai giya biyu a cikinsa, babba da ƙarama. Lokacin da sandar ke tafiya babu nauyi, duka biyun suna tura mai, na'ura tana gudu. Da bakin ƙarfen ya ciji itace matsi ya haura wajen PSI 650, sai babbar giyar ta sauke kayanta, ƙaramar ta ci gaba ita kaɗai da kimanin kwatan man, amma da cikakken matsi. Za ka ji shi da kunnenka: muryar injin ta yi nauyi, sandar ta rage gudu, sai itacen ya yi ƙara ya buɗe, sannan ta sake zabura.

Yanzu jera su. Famfon galan 11 yana neman kusan doki 5 a hawan gudu, kuma kusan doki 5 a hawan ƙarfi in an tsayar da matsi a PSI 2,500. Na galan 16 yana neman doki 7 a hawan gudu, a hawan ƙarfi ma wajen haka ko fiye. GX200 ɗinka siisii 196 ne, kuma duk da ana kiransa 6.5, ainihin abin da yake bayarwa a bakin sanda bai cika doki 6 ba. Galan 11 daidai wuyansa ne. Galan 16 kuwa, duk lokacin da ya haɗu da gungume mai taurin kai sai ya mutu, ka koma jan igiya. Wannan famfon abokinsa inji mai doki 8 zuwa 9 ne, irin GX270. Mai son inci 5 ta yi daƙiƙa 10 sai ya hau galan 22, shi kuma ya kira GX390.

Akwai wani alheri da zan ba babbar silinda, don kada a ce na danne mata haƙƙi. Tun da fuskarta ta fi faɗi, a PSI 650 ɗin nan tana tura kusan tan 6, ƙaramar kuwa ƙasa da tan 4. Ke nan itace da yawa za ta tsaga shi ba tare da famfo ya sauka zuwa hawan ƙarfi ba. Wannan yana rage tazarar da ke tsakaninsu kaɗan, amma bai goge ta ba. A ɗaya gefen kuma, tan 22 zuwa 27 yana son dogon ƙarfen da ya fi kauri da walda mai kyau. Ƙarfen da zai ɗauki inci 4 lafiya, inci 5 tana iya lanƙwasa shi ko ta ɓalle farantin da gungume ke jingina.

Duk lissafin nan a kan juyi 3,600 a minti yake, don a wannan gudun aka auna famfunan. Na faɗi haka ne saboda na san wani zai ce a sa injin dizal irin na niƙa, tun da ya fi ƙarfi kuma akwai shi ko'ina. Yawancinsu juyinsu tsakanin 2,000 ne da 2,600. Famfon galan 16 a juyi 2,000 galan 9 zai ba ka. In ka ce za ka ƙara gudu da bel da fuli, sandar famfon siririya ce, ba a yi ta don a ja ta gefe ba, sai ka ga bakin ya fara yoyo. Ana haɗa shi da inji ne kai tsaye, baki da baki, da mahaɗi mai roba a tsakiya. Ka kuma duba bakin sandar injinka kafin ka sayi komai. Wanda aka cire daga janareta bakinsa tsinin fensir ne, na famfon ruwa kuma zare gare shi. Mai miƙaƙƙen baki da gurbin makulli kake so.

Tanki kada ya gaza lita 30 zuwa 40 ga famfon galan 11, musamman da zafinmu na Afrilu da Mayu, kuma ka zuba man haidirolik mai lamba 46 ko 68. Tiyon da ke tsotso daga tanki ya zama inci 1, gajere, mara lanƙwasa, a sa matata a hanyar dawowar mai. Bawul ɗin ya kasance mai sakin matsi a ciki, a sa agogon matsi a saita shi a 2,500 da ido, ba da kunne ba. In tiyo ya huje kada ka laluba da hannu, man da ke fita a wannan matsin yana huda fata ya shiga nama, kuma aikin asibiti ne na gaggawa. Ka kara kwali a jikin tiyon ka ga inda yake yoyo.

Tun da tsohuwar silinda za ka saya, ka sa su zaro sandar gaba ɗaya a gabanka. Ka bi ta da farce daga sama har ƙasa. In farcen ya maƙale a tsatsa ko zane, za ta riƙa cin roba tana zubar da mai, ka bar musu ita ko da sun rage kuɗi. Ka kuma tabbatar mai baki biyu ce, wadda mai ke tura ta gaba ya kuma dawo da ita, don irin ta tifa mai baki ɗaya nauyin bodi ne ke mayar da ita, a kan na'urar faskare kuwa babu abin da zai dawo da ita.