Na sayi gilashin da ake zura waya a ciki, ya kai ni ƙasar ƙanƙara ina zaune a Badarawa

Jama'a sallama. Wata uku kenan da na sayi akwatin gilashin nan da ake zura waya a ciki a ɗaura a fuska, wanda yaran shago ke ce wa VR, to tunda abokan aiki biyu uku sun dame ni da tambaya ko ya ci kuɗinsa, bari kawai in rubuta abin da na gani, mai daɗi da mara daɗi.

Ni malamin labarin ƙasa ne a wata sakandare nan Kaduna. Shekara goma sha ɗaya ina tsayawa gaban allo in zana da'ira da alli in ce nan ne ƙarshen duniya ta arewa, nan ne ta kudu, yara su kwafa su haddace su zuba a jarrabawa su manta. Abin yana ci min rai wallahi. Yaron da bai taɓa ganin ƙanƙara ba sai wadda ake jefawa a zoɓo, ko wadda ke zubowa da ruwan farkon damina, ta ina za ka fara fahimtar da shi cewa akwai nahiya sukutum mai suna Antatika da ƙanƙara ta lulluɓe, kaurinta a wasu wuraren ya haura kilomita 4? Wannan ne ya sa na cire dubu goma sha biyar na saya, ba don wasan gem ba.

Bari in fara da laifinsa don kar wani ya ce na rufe shi. Roba ce zalla, da soso a gefen fuska da maɗauri, sai wani ɗan rimot da aka haɗo min da shi wanda har yau bai taɓa aiki ba, na koma shagon sau biyu mai shagon ya ce min wai ai haka suke zuwa, na haƙura. Abin da ya fi ɓata min rai shi ne bai gaya min ba kowace waya ce ke yi ba, sai wadda ke da wani abu a ciki da ake kira jairoskop, shi ke sa in ka juya wuya hoton ya juya da kai. Tawa ba ta da shi. Sai ta uwargida muka koma amfani da ita, don haka dan Allah kafin ka biya ko sisi ka gwada da wayarka a gaban mai shagon. Sannan waya na ɗaukar zafi sosai a ciki, minti goma sha biyar sai ka ciro ta ta huta, gilashin kuma yana yin raɓa in kana gumi, data kuwa ba a magana, bidiyon da ke nuna ko'ina da ko'ina shan data yake kamar rairayi na shan ruwa, sai da na koma sauke su daga YouTube da tsakar dare lokacin garaɓasa. Wanda ke da saurin jiri kuma ya kalla a zaune, babbar 'yata sai da ta kwanta bayan ta cire.

Amma daren farko ba zan manta shi ba. Watan Afrilu ne, kun dai san zafin Kaduna kafin ruwa ya sauka, an ɗauke wuta, muna tsakar gida kan tabarma kowa da mafici. Na ɗaura abin nan sai ga ni a bakin wani ƙaramin jirgin ruwa na roba, gabana wani curin ƙanƙara da ya fi benayen Ahmadu Bello Way tsawo, kuma ba fari ba ne kamar yadda na daɗe ina zana wa yara, cikin tsagoginsa shuɗi ne shar kamar an turo shi daga marina. Na waiga baya sai ga mutane cikin jajayen riguna sun yi tsit. Gumi na bin bayana, idona kuma na ganin sanyi. Sai na ji wata ƙara ƙasa-ƙasa daga cikin ruwan, ƙas ƙas ƙas, kamar ana soya gyaɗa a nesa, mai jagoran tafiyar ya ɗago wani guntun ƙanƙara ya ce wannan ƙarar iska ce ke fita, iskar da ta maƙale a ciki tun shekaru aru-aru, yanzu ne take kuɓuta.

Maganar nan ita ta hana ni barci, na tashi na yi ta bin bidiyo da karatu har asuba. A can Antatika dusar ƙanƙara ba ta narkewa ta tafi, ta bana tana hawa kan ta bara, ta baɗi ta hau kan ta bana, nauyi ya danne ta ƙasa ta dunƙule, 'yan ƙofofin iskar da ke tsakani su rufe ruf da iskar wannan zamanin a ciki. To masana sai su kafa injin haƙa kamar na burtsatse, su riƙa zaro ƙanƙarar doguwa kamar taɓarya, guntu guntu, kowane guntu da shekarunsa. A tashar Rasha mai suna Vostok, inda aka taɓa auna sanyin da ya fi kowane a doron ƙasa, digiri 89.2 ƙasa da sifili a watan Yulin 1983, sun zaro tarihin shekara dubu 420. Turawan Turai kuma a wani wuri da ake kira Dome C suka nutsa fiye da kilomita 3 suka samo na shekara dubu 800. Har tokar aman dutsen Tambora na Indunusiya na 1815 ta bar alamarta a ciki, a ƙanƙarar Girinlan, ƙaton tsibirin da ke can arewa, kuma an ga burbushin darmar da Rumawa suka riƙa narkarwa. Wato kundi ne aka ajiye, shafi kan shafi, ba wanda ya taɓa shi.

Abin da ke rubuce a kundin kuwa shi ya tayar min da hankali. Cikin shekara dubu 800 ɗin nan duniya ta yi ta shiga zamanin sanyi tana fita, iskar kabon da ke riƙe zafi tana sauka wajen 180 cikin miliyan in an shiga sanyi, ta hau wajen 280 zuwa 300 in an fito, zafi da ita suna tafiya tare kamar ɗan jumma da ɗan jummai, amma ba ta taɓa tsallake wannan iyakar ba. Yau ta wuce 420, kuma a cikin shekara ɗari biyu da 'yan kai aka yi wannan tsallen, tun da aka fara ƙona kwal da fetur da gas. Na sha jin masu cewa ai dama can yanayi yana canzawa, eh gaskiya ne yana canzawa, ƙanƙarar ma ta shaida, amma ita ɗin dai ce ta shaida cewa irin wannan gudun ba ta taɓa gani ba.

Washegari na aiki autana ya sayo ƙanƙarar leda gidan maƙota. Na ce ya ɗaga ta a rana ya dubi farin da ke tsakiya, ya ce Baba ƙuraje ne a ciki, na ce iska ce, kara a kunnenka. Ya tsoma ta a ruwa ya kara, sai ya zaro ido ya ce Baba tana magana. Daga nan muka ɗauko kofi biyu, ɗaya muka jefa ƙanƙara tana yawo a ruwa muka sa alama da biro, ɗayan muka ɗora ta kan rariya a saman kofin. Da suka narke na farko ruwan bai motsa daga alamar ba, na biyu ya haura. Shikenan bambancin ƙanƙarar da ke yawo a tekun arewa da wadda ke zaune kan tudu, ta Girinlan kaɗai in ta narke duka teku zai tashi wajen mita 7, ta Antatika wajen mita 58. Ba gobe ba ne ba jibi ba, amma yaron da kansa ya ce to Baba Legas fa?

Akwai wani bidiyo da ya shiga da ni bukkar katako ta Kyaftin Scott, Baturen Ingila, a Antatika, gwangwanayen abincinsu na nan jere a kan kanta sanyi ya hana su lalacewa. Shi ne wanda Amundsen ɗan Norwe ya riga isa ƙarshen duniya ta kudu, Amundsen ya isa 14 ga Disamba 1911, Scott da mutanensa huɗu sai 17 ga Janairu 1912, kuma a hanyar dawowa duk suka mutu. Da aka gano tantinsu an tarar suna jan duwatsu kusan kilo 16, mutanen da yunwa da sanyi ke kashewa amma ba su yar ba. A jikin duwatsun akwai shatin ganyen wata tsohuwar bishiya, Glossopteris, irin wadda aka samu a Afirka ta Kudu da Indiya da Ostareliya. Kenan wurin nan da ko ciyawar kirki babu ya taɓa zama daji, kuma ya taɓa zama manne da nahiyarmu a dunƙulalliyar ƙasar da ake kira Gondwana, kafin ta fara tsagewa wajen shekara miliyan 180 da suka wuce. Na koyar da wannan babin ya fi sau goma, ban taɓa jin sa a jikina ba sai ranar. Allah mai iko.

Hajiya mahaifiyata da farko cewa ta yi ba ruwanta da wannan takunkumin. Da kyar jikokinta suka lallaɓa ta, na saka mata na Svalbard, wasu tsibiran Norwe can ƙuryar arewa, garin Longyearbyen inda rana ba ta faɗuwa tun daga ƙarshen Afrilu har cikin Agusta. Tambayarta ta farko, to Malam su waɗannan yaya suke gane magariba? Na ce mata malamai sun ce ƙaddarawa ake yi da lokutan gari mafi kusa da ke da dare da rana, ko da na Makka. Sai bidiyon ya kai ƙofar wani gini da ya kutsa cikin dutse, na ce Hajiya wannan rumbu ne, rumbun irin shuka na duniya, an buɗe shi 2008, kuma cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta kai irin wake da gurjiya can an ajiye. Ta yi shiru ta ce ashe su ma sun san ba a cinye iri, ta shiga ba yara labarin yadda kakanmu ke rataye damin gero na iri a rumbu ko yunwa ta kai ina ba mai taɓawa. Da na gaya mata a 2016 ɗumi da ruwan sama sun sa ruwa ya kwarara cikin mashigar rumbun, duk da bai kai ga irin ba, sai ta cire gilashin ta ce to in can ma ya fara jiƙa ina kuma za a kai?

Ba banza ya jiƙa ba. Tun 1979 yankin arewan nan yana ɗumama kusan ninki huɗu na sauran duniya, dalili kuwa duk mai farar riga da baƙa ya san shi, farar ƙanƙara mayar da hasken rana take, in ta narke baƙin ruwan teku ya bayyana sai ya shanye zafin, ya ƙara narkar da ta kusa da shi. A kudu ma a 2002 wani faifan ƙanƙara, Larsen B, mai faɗin sama da murabba'in kilomita 3,000, ya ruguje cikin 'yan makonni. Mu nan ba mu da ƙanƙara amma iska ɗaya muke shaƙa da su, kuma iska in ta ɗau zafi tana ɗaukar ruwa da yawa ta sauke shi lokaci guda. Mun ga ambaliyar 2022 da ta kashe mutum sama da 600 a ƙasar nan, duk wanda ke zaune kusa da kogin Kaduna kuma ya san yadda ake kwana da ido ɗaya a watan Agusta da Satumba. Toshe magudanai da gini a hanyar ruwa namu ne, wannan ba mai ɗauke mana, amma ruwan saman ma ba irin na da ba ne, manoman ƙauyenmu ba sa buƙatar a gaya musu.

Abu biyu suka tsaya min a rai game da bidiyoyin kansu. Na ɗaya duk da Turanci ne, ko ɗaya ban samu da Hausa ba, dole in zauna kusa da mai kallo ina fassara, wanda kuma ba shi da mai yi masa bayani ƙanƙara kawai zai gani da tsuntsayen fengwin ya ce kai da kyau ya cire. Na biyu yawancinsu tallan kamfanonin yawon buɗe ido ne, a shekarun nan mutum sama da dubu 100 ke zuwa Antatika a kaka guda, jirgin sama da na ruwa duk mai suke ƙonawa, ana nuna maka abin da ke narkewa ana kuma kiranka ka zo ka ƙara masa wuta. Wannan bai kwanta min ba sam.

To in saya ko kar in saya? In don nishaɗi ne kwana uku za ka yi ka jefa shi saman wadirob, riƙe kuɗinka. In kai malami ne ko uba mai niyyar zama da yara, kuma wayarka na ɗauka, saya, ni dai ban yi da na sani ba duk da rimot ɗin. Makon jiya na kai shi aji, yara hamsin da huɗu gilashi ɗaya, minti ɗaya ɗaya na ba kowa ina ciro wayar ina yi mata fifita da littafi, aka buga ƙararrawa saura goma sha tara ba su gani ba, na yi musu alkawarin Litinin, uwargida kuma ta amince ta sake ara min wayar har ranar.