Aikin anti a nazare ko karatun NCE?

'Yar'uwa, kin ce kin gama sakandare, wata makarantar kuɗi a unguwarku ta yi miki tayin zama mataimakiyar malamar nazare, a gida kuma ana cewa ki tafi kwalejin ilimi ki yi NCE, wato takardar shaidar malanta. Ga yadda nake kallon su biyun.

Aikin mataimakiya, wadda yara ke kira anti, ba ya neman takardu da yawa: sakamakon WAEC ko NECO da haƙuri sun wadatar. Sai dai ki san abin da za ki tarar. Ke ce mai tarbar yara a bakin ƙofa, mai kai su ban ɗaki, mai buɗe musu abinci lokacin tara, mai riƙe hannun wanda bai iya kama fensir ba, mai zaman jiran iyayen da suka makara bayan an tashi. Allo da tsara darasi na malamar aji ne. Za ki koyi yadda ake sarrafa aji cike da 'yan shekara uku, abin da ba a iya koyonsa a lacca, kuma kuɗi zai fara shigo miki tun watan farko.

Albashin kuwa yana hannun mai makaranta. Kada ki dogara da Naira 70,000 da aka sa hannu a kai a 2024, domin dokar mafi ƙarancin albashi ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, kuma ƙananan makarantun unguwa da yawa haka suke. Kafin ki amsa, ki tambaya ko ana biya a watannin hutu, don akwai waɗanda ba sa biya.

NCE shekara uku ce ta kashe kuɗi, ba samu. Amma ita ce mafi ƙarancin shaidar koyarwa a Najeriya. Da ita kike rajista da TRCN, hukumar rajistar malamai ta ƙasa, da ita kike neman aikin SUBEB, hukumar ilimin matakin farko ta jiha, inda ake farawa a matakin albashi na 7, ga ƙarin girma da fansho. Tunda ƙananan yara kike so, sashen ECCE (kula da ilimin ƙananan yara) ko PES (ilimin firamare) za ki nema a kwaleji irin ta Gumel ko Isa Kaita da ke Dutsin-Ma. Takardar ba ta nufin aiki na jiranki, kuma ba ta kare wanda bai iya ba: a 2017 gwamnatin El-Rufa'i ta sallami malaman firamare sama da 21,000 da suka faɗi jarrabawar gwaji a Kaduna.

Inda suka rabu sosai shi ne, ko shekara goma kika yi kina anti, ranar da gwamnati ta buɗe ɗaukar malamai takarda za a tambaye ki. Ko 'yan N-Power, shirin gwamnatin tarayya na ba matasa aikin wucin gadi, da aka tura makarantu daga 2016 a kan Naira 30,000 a wata, da wa'adinsu ya cika sallamar su aka yi.

In da hali a gida, ki tafi kwaleji kai tsaye. In kuwa kuɗin nan ake buƙata yanzu, ki karɓi aikin, ki kuma yi rajistar NCE ta NTI, cibiyar horar da malamai mai hedikwata a Kaduna, wadda ake zuwa darussanta a ƙarshen mako. Ta fi ɗaukar lokaci, amma ba sai kin ajiye aikin ba. Ki dai gaya wa mai makarantar tun yanzu, don ya san zai riƙa sakin ki lokacin jarrabawa da koyarwar gwaji.