Asabar uku a ajin girkin unguwarmu, da jadawalin da waya ta tsara mini

Ba rashin iya girki ne ya kai ni ajin nan ba, shekarata goma sha huɗu ina tuƙa tuwo. Tambayar "yau me za a ɗora?" ce ta ishe ni. Wata ƙungiyar mata ce ta shirya shi a farfajiyar wata Islamiyya a Badarawa, nan Kaduna, aka ce kowa ta zo da iyalinta. Na tafi da yara biyu. Maigida ya ce a gaishe su.

Ɓangaren murhu ya yi mini, ba ƙarya. Malamar ba ta tsaya dogon turanci ba, ta raba mu gida huɗu, kowane da tukunyarsa. A nan na ga yadda take awara da ruwan tsami ta fito da taushi, ba irin tawa mai kama da roba ba: ashe ina cika mata tsami ne, kuma ina danne ta fiye da kima. Faten tsaki ma sai dab da saukewa take zuba rama da yakuwa, ganyen ya fito kore shar. Ta kuma ɗaga ƙaramin cokalin shayi ta ce Hukumar Lafiya ta Duniya ƙasa da giram 5 na gishiri ta ce babba ya ci a yini, kusan cikin cokalin nan ke nan, har da wanda ke cikin dunƙule. Wurin ya yi tsit. Ni Hajiyarmu mai hawan jini na tuna, da dunƙule shida da nake jefawa a miyar kuka.

Matsalar ita ce cunkoso. Murhu huɗu ga mutum wajen arba'in, yara na tsere tsakanin tukwane, Allah dai ya tsare.

Asabar ta uku aka koya mana manhajar AI a waya, wadda ake rubuta wa tambaya ta ba da amsa. Da farko haushi ta ba ni. Na ce ta tsara mini abincin mako, sai ga kifin Turai da wasu ganyayyakin da ko a Kasuwar Gumi ban taɓa gani ba. Hausarta kuwa, wai ɗanwake "ƙaramin wake". Wata 'yar jami'a da ke taimaka mana ta ce, "Anti, ki faɗa mata abin da ke cikin sitonki." Na rubuta: mudu uku na masara, biyu na shinkafa, ɗaya na wake, kuka, daddawa, kabewa, mu bakwai, akwai tsohuwa mai hawan jini. Nan manhajar ta yi abin kirki. Ta jera kwana bakwai ba tuwo biyu a jere, ta sa a dafa wake da yawa ran Litinin ragowar ya shiga faten Talata, ta ware jerin cefane.

Amma ba ta san kasuwa ba. Tsakiyar damina, tumatir na tsada a Bakin Dogo, ita kuwa miyar dage-dage har sau huɗu. Ni na mayar da biyu kauɗa da taushe. Farashin da ta lissafa ma ban kula shi ba.

Yanzu daren Litinin nake tambayarta, na gyara da biro, na liƙa a ƙofar kicin, Talata na wuce Kasuwar Kawo. In sun sake buɗe ajin zan koma, amma sai sun ƙaro murhu.