Injin hura iska mai aiki da hasken rana: wata 11 a tabkin lambun unguwarmu

A bazarar da ta wuce, duk wanda ya ratsa ta bakin lambun shaƙatawa na unguwarmu a nan Maraɗi, hancinsa ne ke fara ba shi labarin tabkin tun kafin idonsa ya gan shi. Wari ne irin na ruɓaɓɓen ƙwai. Tabkin bai da wani girma, tsawonsa mita 18, faɗinsa 10, zurfinsa a tsakiya kamar mita ɗaya da rabi, gefensa siminti, ƙasansa laka. Muna yara har bado ke fitowa a ciki, muna zama a bakinsa muna kallon karfasa. Tun da tsohon mai gadin ya rasu aka bar wurin ba mai kula. Kwatar gidajen da ke bayan katanga ta ɓalle ta shigo, ganyen dogon yaro yana zuba shekara da shekaru, leda ta taru, kainuwa ta rufe fiye da rabi, sauran ruwan kuwa ya yi kore shar kamar miyar kuka.

Mu bakwai ne a kwamitin da unguwa ta kafa don gyaran wurin, kuɗin da aka tara kuma a hannuna aka danƙa su. Shi ya sa nake ganin haƙƙi ne a kaina in faɗi abin da muka saya da yadda ya yi mana, musamman da yake mutane biyu daga wasu unguwanni sun riga sun tambaye ni ko su ma su saya.

A farkon Maris muka ɗauko injin hura iskan daga wani shagon kayan sola a cikin gari, a kan jika 120, wato sefa dubu 120. Ƙirar Sin ne, ta Kano ya shigo. A cikin kwalin akwai ɗan injin hura iska mai wat 35 da ke aiki da bolt 12, da tiyo mai tsawon mita 20, da duwatsu biyu masu ƙananan kafofi da ake nutsarwa a ƙasan ruwa, sai fanon sola mai wat 150 daban. Babu batir. Mai shagon ya ce ba ma buƙatarsa, rana ta ishe mu, kuma a garin da ba a rasa rana maganar ta shiga kunnenmu.

Aikin injin bai da wuyar ganewa. Kifi da iskar da ta narke a cikin ruwa yake numfashi, wato oksijin. Haka ma ƙananan halittun da ke cinye ruɓaɓɓen ganye da dattin da ya kwanta a ƙasa, da oksijin suke aiki. Idan ya ƙare a can ƙasa, sai wasu irin halittun su karɓi aikin, su ne ke fitar da wannan warin ƙwai. Injin yana tura iska ta tiyo zuwa duwatsun, kumfa ya riƙa tasowa. Da na ɗauka kumfan ne kaɗai ke ba ruwan iska. Ashe babban amfaninsa shi ne yana jawo ruwan ƙasa ya kawo shi sama ya haɗu da iskar waje, na sama kuma ya gangara.

A nan muka yi asararmu ta farko. Ranar da aka haɗa shi mun bar shi yana aiki tun hantsi har la'asar sakaliya, yara sun cika bakin tabki suna murna. Washegari muka tarar da karfasa sun fi 40 sun taso ciki sama. Raina ya ɓaci ƙwarai, domin su ne ragowar da suka jure duk shekarun nan. Daga baya wani ma'aikacin gandun daji da ya saba da harkar zuba kifi a tabkuna ya yi mana bayani: ruwan ƙasan da ya shekara ba iska, cike da gubar laka, shi muka ɗago gaba ɗaya muka gauraya da ɗan na saman da kifin ke rayuwa a ciki. Ya ce a tsohon tabki ana fara kunnawa rabin awa ne a rana ta farko, awa ɗaya a ta biyu, a riƙa ninkawa har mako ya zagayo. Mai shago bai faɗa mana ba. Takardar cikin kwali kuwa da Sinanci da Ingilishi aka rubuta ta, ba Faransanci, balle Hausa. Wannan babban aibi ne ga kayan da ake sayarwa a Nijar.

Abu na biyu ya fi na farko nauyi, kuma shi ne dalilin da ya sa na zauna rubuta wannan sharhi. Bayan kamar mako biyu, ina dawowa daga sallar asuba na leƙa tabkin da cocila, na ga sauran kifin duk sun taru a sama suna buɗe baki suna haɗiyar iska. Injin kuwa shiru, yana jiran rana. Na kai maganar ga wani dattijo masunci, mutumin Madarunfa, da ke kawo kifi kasuwa. Ya bi ni har lambun, ya daɗe yana kallon ruwan, sannan ya ce: "Malam, kifi da asuba yake mutuwa, injinku kuwa da hantsi yake tashi." Na ce, "Baba, to me ya sa sai asuba?" Ya ce shi dai tun yana yaro haka ya gani a tabki, in ruwa ya yi kore da yawa kuma dare ya yi zafi ba iska.

Abin da Baba ya sani da ido, dalilinsa shi ne koren nan gansakuka ce ƙanana. Da rana tana samar da oksijin kamar kowane tsiro, har ruwan ya wadata. Da dare kuwa ta daina samarwa, ta koma shaƙa tare da kifi da halittun laka, kowa yana ja daga tukunya ɗaya, sai gab da fitowar rana tukunyar ta kusa ƙarewa. Ga kuma zafi. Ruwa mai sanyin digiri 20 yana iya riƙe kusan miligiram 9 na oksijin a kowace lita, mai zafin digiri 35 kuwa kusan 7 kawai, alhali a zafin ne kifi ya fi buƙata. Wanda ya san Afrilu da Mayu a Maraɗi, lokacin da zafi ke haura 40, ya san halin da ruwa marar zurfi yake ciki. Injin da ba batir yana aiki ne a lokacin da ruwan ke da wadata, ya kwanta a lokacin da ake nemansa. Kada kuma a ruɗu da tarwaɗa. Ita tana iya shaƙar iskar waje kai tsaye, tana rayuwa a ruwan da karfasa ba za ta kwana ba, don haka ganin tarwaɗa na wasa ba shaida ba ce cewa ruwa lafiya yake.

Dole muka koma wa jama'a muka sake tara jika 105, muka sayi batir mai amfiya 100 da regilata, wato na'urar da ke daidaita cajin batir, da ɗan agogon da ke kunnawa ya kashe da kansa. Fano ɗaya bai iya ciyar da injin awa 24, saboda haka muka saita shi daga sha biyun dare zuwa takwas na safe, sai awa biyu da yamma. Tun daga nan ban sake ganin kifi suna haki da asuba ba sai sau ɗaya, zan zo kansa.

Amma warin bai tafi ba, ya dai ragu. Shi ma dattijon nan ne ya nuna kwatar da sandarsa ya ce, "Ɗana, kuna shara ana zuba muku." Gaskiya ya faɗa. Ruwan wanki da omo da na wanke-wanke taki ne ga gansakuka, kullum kuma yana shigowa. A ƙarshen Afrilu, ruwa ya ja baya sosai, muka kwashe kifin da koma muka zuba a randuna da wani ƙaramin kwarmi, muka ari injin ban ruwa muka zuƙe tabkin. Matasan fadoji uku suka yi gayya kwana huɗu da shebur da bokiti. Lakar baƙa ƙirin, a wasu wuraren har gwiwa. Masu lambu na bakin gulbi suka zo da amalanke suka kwashe wadda muka tsince wa leda, bayan ta sha rana ta bushe.

Maganar kwata ta fi haƙar laka wuya. Na je gidajen da kaina. Wata dattijuwa ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, "To Malam, mun ji, amma ina za mu zuba? A ɗaka?" Ban ga laifinta ba ko kaɗan. Shekaru ana cewa mata su daina zuba ruwa, ba wanda ya nuna musu inda za su kai shi. Na ce, "Inna, ku ba mu mako guda." Muka haƙa rami biyu a bayan katanga, nesa da rijiya, muka cika su da ɓaraguzan bulo da tsakuwa, aka karkata kwatar can. Kuɗin wannan bai kai rabin na batir ba, kuma in aka ce in zaɓi ɗaya tsakaninsa da injin, ramin zan ɗauka.

Muka cika tabkin daga rijiyar burtsatsen lambun, muka mayar da kifi, muka ƙaro ƴan karfasa. Kainuwa ba mu kawar da ita duka ba. Mun killace ta a kusurwa ɗaya da gora, domin saiwarta tana tsotse takin da ke cikin ruwa kuma tana ba kifi inuwa, duk Juma'a a kwashe rabi a kai juji. A wannan karon a hankali muka fara kunna injin. Cikin mako uku wari ya ɗauke sarai. Ma'aikacin gandun dajin ya koya mini awo mai sauƙi: a tsoma hannu har gwiwar hannu, in ana hango tafin dishi-dishi to koren daidai ne, in ya ɓace tun kafin nan to ya yi kauri. Da fari tafina yana ɓacewa tun daga wuyan hannu. Tun watan Yuni har yau ina hango shi.

Game da sauro, tsutsarsa ta ragu ƙwarai a cikin tabkin, saboda ruwan yana motsi kuma ƙananan kifi suna cinye ta. Amma ba zan ce zazzaɓi ya ragu a unguwa ba, kududdufai da tsofaffin tayoyi suna nan ko'ina. Abin da ya fi damuna shi ne da ruwan ya yi kyau yara suka fara faɗawa wanka. Injin ba ya kashe ƙananan dodon koɗin da ke ɗauke da tsargiya, ruwa yana iya yin garau ciwon yana ciki. Mun hana wanka, mun roƙi liman ya yi magana bayan sallah, kuma duk yaron da aka ga jini a fitsarinsa a kai shi likita, maganin yana nan, praziquantel.

Damina ta gwada mu. Maraɗi, garin da ambaliyar 1945 ta tayar daga kwarin gulbi ya hau tudu, wanda kuma ya ga abin da ruwan ƙarshen Agustan 2024 ya yi wa gidaje da rayuka, bai kamata a koya masa tsoron ruwan sama ba. Mun ɗaga bakin tabkin da layin bulo biyu ta gefen da ruwan titi ke gangarowa, ya tare mafi yawan datti. Sai dai a Agusta aka yi kwana uku a jere ana hadari, batir bai cika ba, injin ya mutu wajen ƙarfe huɗu na dare. Ranar ce na sake ganin kifi a sama. A kwanakin hadari gansakuka ma ba ta samar da iska sosai, matsala biyu ke haɗuwa. Mun tsira da ɗiban ruwa da bokiti muna watsawa sama har rana ta fito. Fano na biyu zai magance wannan, ba mu kai ga sayensa ba tukuna.

Hunturu kuma da ƙurarsa ya zo. In aka kwana biyu ba a goge fanon ba, da ido za ka ga kumfa ya yi rauni. Ɗan soson da ke tace iska a bakin injin yana toshewa, sai an wanke shi duk mako, duwatsun kuma a ciro su a goge da burushi duk wata. Bayan ya cika wata takwas yana aiki, robar cikin injin, wadda ke bugawa tana tura iskar, ta yage. Na zagaye shagunan da na sani ban samu ba, har wanda ya sayar mana. Sai da aka yi saƙo Kano, kwana 12 muna jira, Allah ya taimaka lokacin sanyi ne. Ƙaramin abu ne mai arha, da an sa guda biyu a kwali ba wanda zai yi asara. Ƙarar injin ba ta da yawa, mai shayin da ke bakin ƙofa ya ce ya daina jin ta. Mun yi masa keji na ƙarfe a inuwa, fanon kuma an yi masa walda a kan dogon ƙarfe saboda masu ɗan hali.

Ga masu tambayata, amsata ita ce injin yana aiki kuma ban yi nadamar sayensa ba, amma jika 225 ne kuɗinsa na gaskiya, ba 120 ba. Kada a karɓe shi ba batir, a nemi robar canji tun a shago kafin a biya, kuma a toshe kwata a kwashe laka kafin a kunna shi. Ga tabkin da ya ninka namu girma, wannan mai wat 35 ya yi kaɗan. Yanzu da yamma dattawa sun dawo zama a kan bencin bakin ruwa, bado biyu sun fito a kusurwar gabas ba wanda ya shuka su. Ramin kwata ɗaya ya fara cika, ranar Asabar za mu buɗe shi mu canza tsakuwar kafin zafi ya shigo.