Sharhi kan wani shirin tallafa wa masu neman aiki da yadda yake riƙon bayanan mutane

Shirin da nake sharhi a kansa yana daga cikin waɗanda ake buɗewa domin mutanen da suka rasa aiki, ko suka daɗe suna nema ba su samu ba. Mutum zai yi rajista ta intanet, a haɗa shi da jami'in da zai riƙa ba shi shawara, a gyara masa takardar tarihin karatunsa da ayyukan da ya taɓa yi, a tura shi horo idan an ga da buƙata, sannan a gabatar da shi ga masu ɗaukar ma'aikata. Na shiga shirin a matsayin mai neman aiki, kuma ta fuskar ainihin hidimar ba ni da wani ƙorafi na a zo a gani, domin jami'ar da aka haɗa ni da ita ta san aikinta, tana kiyaye lokaci, ba ta kuma yi wa mutum romon baka. Abin da na zaɓi in auna shi ne yadda shirin yake riƙon bayanan da yake karɓa. Ra'ayina shi ne sun yi ƙoƙari ainun wajen hana baƙo kaiwa ga rumbun bayanansu, amma sun gaza wajen sanar da mai bayanan abin da aka rubuta a kansa, da waɗanda suke karantawa, da hukuncin da ake yankewa da shi.

Fom ɗin rajistar ya fara da abubuwan da kowa zai yi tsammani, wato suna, ranar haihuwa, adireshi, lambar waya, imel, lambar katin shaida, matakin karatu da wuraren da mutum ya yi aiki. Daga nan sai tambayoyin su fara taɓa sirrin mutum: ko yana da aure, 'ya'ya nawa ke gare shi, ko ana bin sa bashi, ko yana da wata larura ta rashin lafiya ko naƙasa, ko kotu ta taɓa yanke masa hukunci. Sun cancanci yabo a kan tambayar lafiya, saboda an nuna ƙarara cewa amsa ta ba dole ba ne, an kuma rubuta dalilinta a ƙarƙashinta, wato domin a nema wa mutum aikin da jikinsa zai iya ɗauka. Sauran kuwa an jera su babu bayani, kuma shafin ba ya barin mutum ya wuce gaba sai ya amsa. Dokar kare bayanai ta Tarayyar Turai, GDPR, wadda ta fara aiki ranar 25 ga Mayu 2018, wadda kuma dokokin ƙasashe da dama suka bi sahunta, irin su ta Kenya ta 2019 da ta Najeriya ta 2023, ta shimfiɗa a sashe na 5 cewa kada a karɓi bayani fiye da abin da manufar aikin take buƙata. Da wannan ma'aunin, tambayar hukuncin kotu tana da hujja idan aikin na kula da yara ne ko na riƙon kuɗi, sai dai lokacin yin ta shi ne sa'ad da irin wannan aikin ya taso, ba ranar farko ga duk wanda ya zo rajista ba.

A ƙarshen fom ɗin akwai ɗan akwati guda da ake so mutum ya sa wa alama domin nuna ya amince. Wannan alama ɗaya ita ce ta ɗauki ajiye bayanai, da miƙa su ga cibiyoyin horo, da nuna su ga masu ɗaukar aiki, da amfani da su wajen bincike da rahoto, har da aiko da saƙonnin sanarwa. Babu damar amincewa da wani a ƙi wani. A nan ne nake ganin babban raunin shirin ya fara, domin wanda ya yi watanni babu albashi ba ya cikin halin da zai tsaya yana tace sharuɗɗa, abin da aka ɗora masa shi zai ɗauka. Masu tsara GDPR sun hango wannan, shi ya sa suka bayyana cewa amincewa ba ta zama hujja ingantacciya idan akwai rinjaye bayyananne tsakanin mai karɓar bayanan da mai bayarwa, musamman idan mai karɓar hukuma ce. Sashe na 7 kuma ya ce janye amincewa dole ya kasance da sauƙi kamar yadda bayar da ita take da sauƙi. A wannan shirin bayarwa taɓa allo ne sau ɗaya, janyewa kuwa sai an rubuta wasiƙa an jira amsa. Da sun fito fili sun ce kaza da kaza muna yin su ne saboda shirin ba zai yiwu ba sai da su, kaza kuma zaɓinka ne, da ya fi gaskiya a kan kiran komai da sunan amincewa.

Batun tsaro ba zan daɗe a kansa ba, saboda abin da ido zai iya gani yana da kyau. Bayan kalmar sirri sai an shigar da lambar da ake turowa ta waya, shafin yana rufe kansa idan an bar shi na ɗan lokaci, kuma da na so in tura hoton takardar shaidata ta WhatsApp domin sauƙi, jami'ar ta ƙi, ta ce sai dai in ɗora shi a shafina. Abin da mai neman aiki ba ya iya gani shi ne ɓangaren ma'aikata, alhali daga can ne ɓarna ta fi shigowa. A watan Maris 2024 hukumar samar da aiki ta Faransa, France Travail, ta sanar da kutsen da ka iya shafar mutane har miliyan 43, kuma masu kutsen sun shiga ne da rigar jami'an ba da shawara na Cap Emploi, cibiyoyin da ke taimaka wa naƙasassu neman aiki. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma tsagar a irin wannan tsari ita ce asusun ma'aikaci guda da aka buɗe wa fayil ɗin kowa. Da na tambayi su wa ke iya buɗe nawa, amsar da na samu ita ce duk wani jami'in ba da shawara na shirin, amma ana adana tarihin wanda ya buɗe da lokacin da ya buɗe. Adana tarihin abu ne mai kyau, sai dai amfaninsa yana zuwa ne bayan mai aukuwa ta auku.

Inda na fi ƙaruwa shi ne lokacin da na nemi kwafin duk abin da suke riƙe da shi a kaina. Wannan haƙƙi ne da sashe na 15 na GDPR ya tanada, sashe na 12 kuma ya ba da wa'adin wata guda na amsawa, kuma shirin ya amsa cikin wa'adin ba tare da neman dalili ba. Na yaba da wannan ƙwarai. Kwafin ya ƙunshi fom ɗina, da takardun da na ɗora, da jerin ayyukan da aka gabatar da ni, sai kuma wani sashe da ban san da zamansa ba, wato abin da jami'ar take rubutawa bayan kowace ganawa. A cikinsa na tarar da layi guda da ke cewa ina da ɗawainiyar jinyar wani a gida, don haka da wuya in iya aikin dare ko na nesa. Maganar ta samo asali ne daga wata hira da muka yi a gefe, lokacin da nake ba da uzurin sauya ranar ganawa, kuma jinyar ta 'yan kwanaki ce, ta riga ta wuce. Ba na zargin jami'ar da mugun nufi, na tabbata ta rubuta ne domin ta kyautata mini. Amma babu wanda ya gaya mini cewa abin da na faɗa a hira yana shiga fayil, kuma duk jami'in da ya gaje ta zai karanta layin a matsayin tabbataccen hali, ya tsallake ni a ayyukan da da zan karɓa hannu bibbiyu. Na nemi a gyara, an kuwa gyara, ta hanyar ƙara bayanina a ƙarƙashin tsohon rubutun, ba tare da an goge shi ba.

A saman wannan sashen akwai wani gurbi da aka rubuta cewa ina rukuni na biyu. Babu wani wuri a sanarwar sirrin shirin da aka ambaci rukuni, balle a faɗi yadda ake shiga shi. Da na bincika, bayanin da aka ba ni shi ne manhajarsu ce ke rarraba mutane bisa amsoshin fom, gwargwadon yadda ake hasashen za su samu aiki da wuri, jami'i kuma yana da ikon sauyawa. Wannan ba ƙaramin al'amari ba ne, domin rukunin ne ke nuna yawan ganawa da irin horon da za a ba mutum. Wasu ƙasashe sun riga sun gwada irin wannan sun ga inda yake kaiwa. Polan ta fara raba marasa aiki gida uku a 2014 ta hanyar tambayoyin da kwamfuta ke ba wa maki, inda 'yan rukuni na uku suka rasa mafi yawan tallafin, ga shi kuma jami'ai ba su sauya hukuncin kwamfutar ba sai a ƙasa da kashi 1 cikin 100 na lokuta. Kotun tsarin mulkin ƙasar ta sami tsarin da saɓa wa kundin mulki a 2018, aka soke shi a 2019. A Ostiriya ma hukumar samar da aiki ta AMS ta ƙera lissafin da ke rage wa mace maki, ya kuma lissafa ɗawainiyar kula da yara a kan mata kaɗai, har hukumar kare bayanai ta ƙasar ta dakatar da shi a 2020. Darasin Polan shi ne ya fi dacewa da shirin da nake magana a kai, domin cewa jami'i yana da ikon sauyawa ba ya nufin yana sauyawa, musamman idan mutane sun yi masa yawa. A nan ne kuma na gane amfanin waɗancan tambayoyi na aure da 'ya'ya da bashi da aka tilasta amsawa, ko da yake an ƙi gaya mini nauyin da kowace take da shi a lissafin.

Miƙa bayanai ga wasu yana da fuska biyu. Ta ɓangaren masu ɗaukar aiki tsarin ya burge ni: abin da suke fara gani shi ne karatu da gogewa kawai, babu adireshi babu lambar waya, sai mutum ya amince da wannan kamfanin takamaimai kafin a buɗe sauran, kuma bayanin lafiya ba ya zuwa gare su sam. Ta ɓangaren cibiyoyin horo kuwa an yi sakaci. Sanarwar ta kira su abokan hulɗa ba tare da jera sunayensu ba, kuma bayan na kammala wani ɗan gajeren horo sai cibiyar ta ci gaba da turo mini tallan kwasa-kwasanta na kuɗi ta lambar da na ba shirin, ba ita ba. Ana iya ganin wannan ƙaramin abu ne, amma yana nuna cewa da zarar bayani ya fita hannun shirin, babu mai bin sawunsa. Hukumar Faransa da na ambata, tun tana amsa sunan Pôle emploi, ta gamu da wani kutsen a 2023 wanda ya shafi mutane kimanin miliyan 10, kuma ta hannun kamfanin da ta ba kwangilar sarrafa takardu ya faru.

Wanda yake buƙatar shirin ya shiga, domin taimakon da ake samu na gaske ne, amma ya bar gurbin da ba dole ba a wofi sai in ya ga amfanin cika shi, ya ɗauka cewa duk abin da ya faɗa wa jami'i yana iya zama rubutu, ya kuma nemi kwafin fayil ɗinsa tun ana tsakiyar tafiya, lokacin da gyara zai yi masa amfani.

Saura batun tsawon ajiya. Sanarwar ta ce za a riƙe bayanai muddin akwai buƙata, ba ta faɗi shekaru ba. Abin da ya sa adadin waɗanda kutsen 2024 ya shafa a Faransa ya kai yadda ya kai shi ne rumbun ya ƙunshi mutanen da suka yi rajista cikin shekaru 20 da suka gabata, da yawansu sun daɗe da samun aiki sun manta da rajistar. Na tambayi jami'in kare bayanai na shirin abin da zai faru da fayil ɗina bayan na fita. Ya amsa cewa takardun da na ɗora za a iya goge su da zarar na nema, amma bayanan rajista za su zauna saboda masu ɗaukar nauyin shirin suna binciken yadda aka kashe kuɗinsu. Wannan dalili ne karɓaɓɓe ga suna da ranar shiga da ranar fita. Da na sake tambaya ko mai binciken kuɗi yana buƙatar rubutun ganawa da lambar rukuni, sai ya ce tsarinsu a yanzu ba ya iya raba waɗannan da sauran fayil ɗin, don haka tare ake ajiye su.