Lesin lissafin Asabar da nake kai yarona: wata huɗu ke nan, ga abin da na gani

Mutane sun dame ni da tambaya kan wurin lesin lissafin nan da nake kai yarona a wajen Zoo Road a Kano, to bari in faɗa muku gaskiya tunda yanzu mun shiga wata na huɗu.

Asalin zuwanmu can, malamin lissafinsu ne ya kira ni makaranta wai yaro yana damun aji. Na je da fushina, sai ya ce min Alhaji ba rashin ji ba ne fa, aikin da na ba su na minti 20 shi a minti 5 ya gama, sai ya koma tsokanar na kusa da shi. Na ce to Malam a ƙara masa mai wuya mana. Ya yi dariya ya ce yara 70 ne a gabana, darasi minti 40, ga silabas dole in ƙare kafin jarrabawa, in na tsaya wa wanda ya riga ya gane, waɗanda ko bakwai sau takwas sai sun ƙirga da yatsa wa zai kula su? Wallahi ban ga laifinsa ba. Dabarar da ya samo ita ce ya mayar da yaron ƙaramin malami yana zagayawa yana duba littafin 'yan aji, su kuma suka sa masa Farfesa cikin gatse, shi kuwa ba abin da ya ƙaru da shi sai baƙin jini.

A wurin lesin, ranar farko na zauna a baya ina kallo. Malamin dattijo ne, ya ce ya daɗe yana koyarwa a sakandaren gwamnati kafin ya yi ritaya. Ya rubuta a allo a tara lambobi daga 1 zuwa 100, irin tambayar nan da ake ba da labarin Gauss na Jamus ya warware tun yana yaro. Nawa ya ɗan yi shiru, ya haɗa 1 da 100, 2 da 99, ya ga kowanne 101 yake bayarwa har sau 50, ya ce 5050. Ni har na fara washe baki, malam ko a jikinsa, sai cewa ya yi to yanzu 2, 4, 6 har 100 fa? Da ya ce 2550 sai ya ce masa zo allo ka gamsar da ni dalili, ban yarda da amsa tsirara ba. A nan aka kai ruwa rana, yaron da bai taɓa gumi a kan lissafi ba ranar ya goge allo ya fi sau uku. A adaidaita muna komawa gida bai ce min uffan ba, yana ta rubutu a bayan littafi.

Abin da ya burge ni ke nan, ba ya tula musu tambaya 50 iri ɗaya, kuma ba ya tsallakar da su zuwa littafin SS1 don iyaye su ji daɗi. Guda biyu ko uku zai ba su su yini a kai. Shi ne ma ya fara yi min maganar makarantar yara masu baiwa ta gwamnatin tarayya da ke Suleja wadda NECO ke shirya jarrabawar shigarta, da gasar da Cibiyar Lissafi ta Ƙasa da ke Abuja take shiryawa, ya ce in kuma ba na son ya yi nisa to bayan JSS3 a nemi makarantar sakandaren kimiyya ta Dawakin Tofa ko ta Dawakin Kudu.

Amma akwai gyara. Ɗakin ƙarami ne, ba sola ba janareto, da an ɗauke wuta fanka ta tsaya sai ka tausaya wa yaran. Da muka fara su 9 ne, yanzu sun kai 22 saboda labari ya bazu, kuma an fara karɓar kowa da kowa, wato matsalar da muka gudo daga gare ta tana biyo mu. Ranar da dattijon bai zo ba kuwa wani saurayi ne yake riƙe su, shi tsofaffin tambayoyin jarrabawa kawai yake raba musu ya koma danna waya, irin wannan ranar asarar kuɗin mota ce.

Naira 15,000 nake biya a wata, Asabar kaɗai, 9 zuwa 12. In yaronka baya aka bar shi a lissafi kar ka kai shi nan, zai ƙara tsanar abin. Ni dai na biya na wannan watan, kuma na gaya wa mai wurin in suka haura 25 ba a raba ajin biyu ba zan cire nawa.