Na Sayi Ƙarin Manhaja Don Ƙuda Ya Zauna A Hanci, Ya Ƙi Zama

Ƙarin manhajar nan da ake ta talla a zaurukan masu Blender (manhajar ƙera hotunan 3D da katun), wadda aka ce tana manna abu a jikin duk wani abu mai motsi, na saye ta, kuma ba zan ba ta fiye da tauraro biyu ba. Ba zan kama suna ba, waɗanda suka sani sun sani, har kuɗinta da dala.

Aikin da ke hannuna katun ne na yara. Akwai wani dattijo mai gemu da yake magana, sai ƙuda ya sauka a tsinin hancinsa ya yi zamansa. Kan dattijon ƙasusuwan Armature (ƙwarangwal ɗin da ake sa wa ɗan katun don motsa shi) ne ke juya shi, fuskar kuma Shape Keys (siffofin fuska da aka ajiye tun farko) ke murɗa ta, in ya yamutsa fuska hancin ya ɗaga sama. Abin da nake nema kawai a faɗa min inda ɗigon tsinin hancin (ɗaya daga ɗigo-ɗigon da suka haɗu suka yi ragar jikinsa) yake a filin aikin gaba ɗaya, a kowane firam, wato kowane hoto ɗaya na katun ɗin.

Na zaɓi ɗigon, na danna maɓalli, ƙuda ya zauna cif. Har na yi hamdala. Da na kunna motsi, dattijo ya waiwaya hagu, ƙuda na nan rataye a iska inda hanci yake tun farko, kamar an kafe shi da ƙusa. Idan na ja dattijon gaba ɗaya zuwa wani wuri, ƙudan na binsa. Amma da zarar ƙashi ne ya lanƙwasa wuya, shiru kake ji.

Na buɗe rubutun Python (harshen da aka rubuta manhajar da shi) ɗin da ke cikinta, nan take na ga inda gizo ke saƙar. Tana ɗauko ɗigon ne daga obj.data.vertices, ta ninka da matrix_world, shi ke nan. To ai abin da ke cikin obj.data siffar asali ce, wadda ba ƙashi ko Lattice (kejin lanƙwasa siffa) ko Shape Keys da ya taɓa ta. Shi kuwa matrix_world bai san komai ba sai inda cibiyar abin take, da juyinsa da girmansa. Ƙashi ba ya motsa cibiya, ɗigo-ɗigon jiki yake turawa. Shi ya sa za ka ga mutum ya yi tafiya har ƙarshen fili, amma lambobin wurinsa na nan a sifili.

Na rubuta wa mai sayarwa. Bayan dogon jira ya amsa cewa in tabbatar da dukkan modifaya (kayan sauya siffa irin su Armature), wato in danna musu Apply, kafin in manna. Haba! In na tabbatar da Armature ai na daskarar da dattijon a tsayuwa ɗaya ke nan, ina sauran motsi? Na nemi a mayar min da kuɗina, tun daga nan ban sake jin ɗuriyarsa ba.

Abin da ya fi ba ni haushi, ya kuma faranta min rai a lokaci guda, maganin na cikin Blender kanta, kyauta. Tun fitowar 2.80 a 2019, Blender na riƙe da kwafin kowane abu bayan an gama lissafa duk lanƙwasarsa. Ka kira evaluated_depsgraph_get, ka miƙa abin da ya ba ka ga evaluated_get, ka ciro ragar da to_mesh, sannan ka ninka matrix_world da wurin ɗigon ta alamar @, wadda ta maye gurbin alamar * da ake sawa a 2.79. In ka gama ka share da to_mesh_clear. Na zagaya firam-firam da frame_set ina ajiye wurin ƙudan da keyframe_insert, komai ya zauna daram. Hattara ɗaya dai: modifaya irin Remesh ko Decimate suna sauya lambobin ɗigo, sai ka tarar ɗigon da ka zaɓa ya koma kunne.

Wanda ma ba ya son rubutu, ya zaɓi ƙudan, ya haɗa da dattijon, ya shiga yanayin gyara raga, ya zaɓi ɗigo uku a hancin ya danna Ctrl da P. Ɗigo ɗaya wuri kawai yake bi, uku kuwa har juyi suke ɗauka.

In za a yi adalci, manhajar ba ta rasa amfani ba. Wajen jera duwatsu da ciyayi a kan ƙasa mara motsi tana da sauri, maɓallanta a tsare suke, na kuma yi aiki da ita a bayan fage na wannan katun ɗin. Na so in ƙara mata tauraro saboda haka.

Sai na tuna bidiyon tallarta. A ciki an nuna tabarau manne a fuskar wani mutum yana tafiya, alhali mutumin duka ake ja, ba ƙashi ko ɗaya da ya motsa. Wannan ba kuskure ba ne, rufa ido ne, kuma shi ya sa na fitar da kuɗina ana tsaka da tsadar dala. Tauraro biyun ma don duwatsun ne. Mai aikin fuska ko tufafi masu kaɗawa ya riƙe kuɗinsa ya sayi data.